Akuyar Gwaggo Taibatu da ta rage a Dakko

Gwaggo Taibatu ba ta taɓa yarda kuɗi su kwana a ɗakinta ba. In ta sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ranar kasuwa, ribar ba ta jimawa a hannunta sai ta zama abu mai numfashi. Kaza take fara saye, in kajin suka taru ta juya su su zama 'yar akuya. Akuyar kuma ba za ka same ta a gidanta ba. Tana can wani ƙauye, a hannun wata mata, an ba da ita kiwo.

Gado ta yi. Mahaifiyarta, Turai, Bafillatana ce da ta zauna a Faru ta auri manomi. Wata shekara, Taibatu tana ƙarama, ciwo ya shiga garken gidansu, aka riƙa jan mushen awaki ana kaiwa bayan gari har garken ya zama fili. Waɗanda suka tsira su ne 'yan ƙalilan da Turai ta ba 'yan'uwanta kiwo a ruga. Da su aka sake tayar da garke. Yarinyar ta ga wannan da idonta, kuma bai taɓa barin ranta ba.

Ƙa'idar kiwo a wajensu ba ta da wuya. Haihuwar fari ta mai akuya ce, ta biyu ta mai kiwo, haka za a yi ta karɓa-karɓa. Mai akuya tana da ikon karɓe abinta duk ranar da ta ga dama, ban da lokaci ɗaya: in akuyar tana ɗauke da cikin da ke rabon mai kiwo. Wannan cikin gumin mai kiwo ne, dusarta ce da harawarta. Ba a rubuta komai, maƙwabta su ne shaidu.

Da aka yi wa Taibatu aure aka kai ta Tungar Marke, wani ɗan ƙauye a bayan Faru, gidan Bawa. Bawa manomi ne na gaske, mutum mai ƙarancin magana da yawan mita. Shekara da shekaru yana ƙorafi a kan abu ɗaya.

"Ke, wane irin arziki ne wanga?" yakan ce. "Mutane na cewa matar Bawa na da awaki, ni ko kukansu ban taɓa ji ba."

"In kana son jin kuka, Malam, ga jakin maƙwabta nan," in ji ta. "Kyauta yake yi."

Zawarawa ta fi ba kiwon awakin, da amaren da aka kai gidan da babu. Matar da ta samu 'yar akuya ta kanta, in yaro ya kwanta ciwo ko iri ya ƙare, ba sai ta je gun mai hatsi ta ci bashin da za a biya ninki da kaka ba. Sai ta kai ɗan bunsuru kasuwa. Waɗanda suka samu su ma suka fara ba wasu. A hankali abin ya zagaye tungayen nan har ya tsallaka ƙasar Bakura. Maza suna yi mata ba'a, suna kiranta Bankin Tunga, amma in matansu suka yi rigima a kan akuya, ita ake kira. Akwai matar wani mai hali da ta taɓa ƙwace akuya mai ciki daga hannun wata marainiya don za ta aurar da 'yarta. Taibatu ta taka da ƙafa har gidan, ta kwance igiyar a gaban mutanen biki, ta ja akuyar ta mayar wa marainiyar. An daɗe ana ba da labarin.

Sai shekarun nan suka zo. Da farko shanu mutanen daji suke kora. Da shanu suka ƙare suka koma kan tumaki da awaki. Daga nan aka fara aiko da saƙo: sai an biya kafin a yi shuka, sai an sake biya kafin a girbe. Dabarar Turai ta warwatsa dabbobi maganin ciwo ce, shi da ke shiga garke ɗaya ya bar na gaba. Wannan masifa ba ta barin na gaba. Tunga bayan tunga, Taibatu ta riƙa jin labarin awakinta a bakin matan da suka gudo da tabarma a ka.

A daminar ƙarshe da suka yi a can, ɗansu Shamsuddeen, shi kaɗai ne namijin da ya rayu cikin 'ya'yanta, ya tafi gona yin maimai da hantsi. Ƙauyen bai gama haɗa abin da aka yanka masa ba. A tsakiyar kunya aka same shi, fartanyarsa a gefe. Daga baya, da matarsa ta gama takaba, ta koma gidan iyayenta, ta bar musu yara biyu. Su Taibatu kuwa ko girbi ba su tsaya ba, suka bar ƙauyen.

A Talata Mafara ƙanen Taibatu, Yakubu tela, ya ba su ɗakin da ke jikin zaurensa. Yakubu bai taɓa nuna gajiya ba, amma gidansa cike yake da baki, kuma ɗinki ya ja baya, mutane sun koma faci. Taibatu ta shiga aikatau gidan masu turara shinkafa, ana biyanta da tsakin shinkafa. Bawa ya gwada dako a kasuwa, buhu na biyu ya durƙusar da shi, samari suka ɗaga shi suna ce masa sannu Baba. Bai sake komawa ba. Ya zauna a zaure. In an kawo masa tuwo daga cikin gida sai ya ci loma biyu ya tura wa jikoki. Mutumin da rumbunsa ke ciyar da baƙi, yau yana jiran kwano daga gidan ƙanen matarsa.

Da bazara ta yi nisa, labari ya fara yawo cewa wasu suna komawa. An ce an yi sulhu, an ce in ka biya za a bar ka ka yi noma. Wata rana Taibatu ta dawo daga aiki ta tarar da Bawa a ƙofar zaure yana sa wa sungumi sabuwar ƙota.

"Malam, wanga fa na mine ne?"

"Na shuka."

"A wace gona?"

"Ina da wata gona ne ban da tawa?" Bai ɗago kai ba. "Ruwan fari na sauka, ni kuma na tahi."

"Sulhun nan an yi shi bara waccan. Cikinsa aka kashe maka ɗa."

"Can in na mutu, a gonata na mutu. Nan kuma mi nake yi? Kullum ina mutuwa kaɗan-kaɗan a gaban yara."

Ta san shi. In ya faɗi magana sau ɗaya bai ƙara ba, to ya gama shawara. Ta kuma san ba roƙo zai tsayar da shi ba, gona ce kaɗai. Ta shiga nema. Aka haɗa ta da wani Ɗantala mai fili a wajen Birnin Tudu, ya ce zai ba da haya na damina ɗaya, amma kuɗi a hannu, domin masu nema sun fi filin yawa. Abin da ya faɗa ya kai kuɗin babbar akuya. Yakubu ya sunkuyar da kai ya ce sai dai ya sayar da keken ɗinkinsa. Ta ce ko da wasa kada ya sake faɗa.

Akuya ɗaya ta rage mata a duniya. Tana Dakko, a hannun Khadija, 'yar wata ƙawarta ta ƙuruciya, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku. Haihuwar fari ɗan bunsuru ne, kuma Taibatu ta riga ta karɓe shi, shi aka sayar aka sayi magani da tabarmi lokacin da suka iso Mafara. Ke nan duk abin da akuyar za ta haifa yanzu na Khadija ne. Ranar da Taibatu ta hau kabu-kabu zuwa Dakko, gabas ta kwana biyu tana yin baƙi da yamma-yamma, kuma addu'arta ɗaya ce a hanya: Allah ya sa akuyar ba ta da ciki.

Khadija ta tarbe ta da murna, ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa a ƙwarya. Aka gaisa, aka tambayi gida da yara da gajiya da zafi, aka yi wa juna ta'aziyyar waɗanda aka rasa tun rabuwa, aka sake gaisawa. Maƙwabta suka ji Inna mai awaki ta zo, suka shigo su ma, aka sake sabuwar gaisuwa.

"Bari ki ga ɗiyarki, Inna," in ji Khadija. Ta shiga ɗakin kwananta ta fito da ita. "Tare muke kwana. Yara a gefe, ita a gefe. In ɓarawo na so, sai shi fara taka ni."

Jar akuya ce, gashinta na sheƙi. Cikinta ya buɗe ta kowane gefe, hantsarta ta fara cika. Taibatu ta dube ta, ta dubi wuyan Khadija da ƙasusuwansa suka fito, ta gane inda dusar gidan take tafiya.

"Tagwaye ne, in sha Allahu," in ji wata tsohuwa cikin maƙwabtan. "Kuma na Khadija ne, babu mai taɓawa. Ai ke ce kika kwance igiya gidan biki, ko ba ke ba ce? Har nan labarin ya zo."

Matan suka yi dariya. Taibatu ta yi abin da ya yi kama da murmushi. Ta jira har suka ragu, suka koma bakin ƙofa, sannan ta matso kusa.

"Khadija, ba ziyara ta kawo ni ba."

Ta faɗa mata komai, da sungumin, da Ɗantala, da ruwan fari. Ba ta yi kwana-kwana ba. Khadija ta saurara tana murza bakin zanenta.

"Inna, ciki gare ta."

"Na gani."

"Nawa ne."

"Na sani."

"Ke kika koya muna. Da wata ce ta zo da wagga magana, ke zan aika a kira." Ta dubi akuyar. "Kin san abin da nake jira da cikin ga? Gonar uban yaran nan damina biyu ba a noma ta ba. Ba ni da abin biyan 'yan ƙodago. 'Yan'uwansa sun ce in bana ma ta kwana, za su karɓa su ba wanda zai iya. Na ce in ta haihu in sayar da ɗaya in sa a yi mani ko rabi. Tun kaka nake hana cikina ina ba ta."

"Na binne ɗa, Khadija. Ba ni iya binne ubansa."

Akuyar tana ta tauna gefen tabarma. Can Khadija ta tashi, ta kwance igiyar daga turke, ta ajiye a cinyar Taibatu.

"Ga ta. Taki ce. Ba ni kokawa da uwata. Amma ba ta bayan gida za ki bi ba, Inna. Ta ƙofa za ki fita, kowa shi gani."

Taibatu ta miƙe ta ja. Akuyar ta turje, ta kafe ƙafafu, sai da ta fizge ta. A bakin ƙofa matan suka buɗa mata hanya. Tsohuwar nan ta dubi cikin akuyar, ta dubi Taibatu, ta kawar da kai. Cikin matan nan akwai masu riƙe da awakin wasu, akwai kuma waɗanda nasu ke hannun wasu, kuma kowa a matse yake. Taibatu ta san kafin sati ya zagayo za a fara kwance igiyoyi a garin nan, kuma duk mai kwancewa sunanta za ta ambata. Ta ci gaba da ja duk da haka. Ta wuce masallaci, ta wuce rijiya, har ta kai inda masu kabu-kabu ke tsayawa a gindin wata bedi.

Nan ta tsaya tana haki, maganar Khadija tana juyawa a kanta. Gona damina biyu ba a noma ba. Ita kuma tana jan akuya za ta sayar don ta samo wa manomi gona.

Ta juyo. Wannan karon akuyar ce ke janta.

"Gonar da kika ce," in ji ta tun daga bakin ƙofa, "ina take?"

Ba ta da nisa da gari, ana hango rufin masallaci daga cikinta. Jigawa ce, sabara ta cinye ta, iska ta kwashe ƙasar gefe ɗaya. A Tungar Marke Bawa ko jakinsa ba zai ɗaure a irinta ba. A tsaye a cikin sabarar suka yi ciniki, kuma Khadija, da idonta bai gama bushewa ba, ba ta yi sanyi ba ko kaɗan.

"Iri fa?"

"Ke za ki ba da."

"To in na ba da gona na ba da iri, kashi biyu nawa, ɗaya nasa."

"Kashi biyu? Ke da ko fartanya ba za ki ɗaga ba? Rabi da rabi."

"Abincinsa fa? Ni ba ni da abin ciyar da namiji."

"Ni zan ciyar da mijina."

"Kuma ba shi zama garin ga shi kaɗai, Inna. Ni bazawara ce, bakin mutane ba shi da ƙofa. In zai zo, da ke zai zo."

Suka koma gida aka kira maƙwabta da wani ƙanen marigayin, aka maimaita a gabansu. Rabi da rabi, harawa da kara na Khadija, akuya tana nan a turkenta. Tsohuwar ta ce akwai bukkar ɗanta da ya tafi haƙar zinariya, su zauna ciki. Ana cikin shafa fatiha iska ta taso, ta kwashe ƙwaryar ruwa. Kafin la'asar ruwan fari ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Yara suka fita tsakar gida suna tsalle. Taibatu ta ruga gindin bedi, babu mashin ko ɗaya, kuma wanda ta samu a gidansa ya ce ko nawa za ta ba shi ba zai shiga hanya da yamma ba.

Da safe ta isa Mafara. Tabarmar Bawa a naɗe, sungumi babu. Yakubu ya ce daga sallar asuba bai dawo ba. Ba ta ko shiga cikin gida ba. Ta karɓi kuɗin mota a hannun ƙanenta ta nufi tasha.

A Maradun ta same shi, inda masu mashin ɗin Faru ke lodi. Ba sa tafiya ɗaya-ɗaya yanzu, sai sun taru, shi ya sa bai riga ya wuce ba. Yana zaune a kan benci da wasu maza biyar ko shida, kowa da ƙullin irinsa. Da ya gan ta ya ɓata fuska.

"Mi ya kawo ki?"

"Na samo maka gona."

Ta faɗa masa a tsaye. Ya saurara har ƙarshe.

"Ni Bawa, mai gona huɗu, in zama barema mai noman ƙodago a gonar bazawara?"

"Ba barema ba ne. Rabo ne, rabi da rabi, gaban shaidu."

"Wato kin gama da awaki, yanzu ni kika ba da kiwo?"

Masu mashin suka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Baba, ka tambaya ko da dusa a cikin sharaɗin." Taibatu ba ta yi dariya ba. Ta kama ƙotar sungumin da hannu biyu, ta zauna a ƙasa cikin taɓo, a gaban maza, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kai ta gidansa.

"Tashi, kina ba ni kunya."

"Ba ni tashi. In ka hau mashin ɗin ga, bayanka zan hau. In an sauke mu in aiko a kawo yaran Shamsuddeen, mu zauna gaba ɗaya, in mutanen daji sun zo su same mu a kunya ɗaya. Ni ba ni sake zama gida a kawo mani riga jina-jina kamar ta Shamsuddeen."

Dariya ta ɗauke. Wani dattijo a bencin ya sunkuyar da kai. Aka fara tayar da mashina, mazan suka miƙe ɗaya bayan ɗaya suna ɗaure kayansu.

"Baba, za ka ko ba za ka?" in ji mai mashin ɗin da ya yi masa alkawari. "Rana na yi."

Bawa ya dubi hanyar Faru, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya dubi matarsa a cikin taɓo.

"Ƙasar, laka ce ko jigawa?"

"Jigawa."

"Sabara fa?"

"Ta cika ta."

"To sai an yi sassabe ke nan, ga ruwa ya riga ya sauka." Ya yi tsaki. "Kin makarar da ni. Damina ɗaya, kin ji ko? Ɗaya tak."

Mashinan suka tafi ba da shi ba.

Ba wani abin kirki aka samu ba a daminar. Shukar ta makara, ƙuduji, ciyawar nan mai kashe gero, ya fito a rabin gonar, ruwa kuma ya ɗauke da wuri. Sau biyu ana gudu daga Dakko ana kwana a Bakura saboda jita-jita, don can ɗin ma ba tudun tsira ba ne. Akuyar ta haifi ɗa ɗaya, ba tagwaye ba. Cikin mazan da suka hau mashin ranar nan, wasu sun dawo da gero dami-dami, kuma Bawa bai gaji da faɗa mata sunayensu ba. Biyu ba su dawo ba. Su kuma ba ya ambatonsu, ita ma ba ta tuna masa.

Rabon da suka samu ba zai kai su wata damina ba, kowa ya san haka tun ranar da aka jera dammunan gida biyu a gaban shaidu. Taibatu ta riga ta fara tambayar inda ake neman mai surfe. Bawa ya tsaya yana kallon nasa kason, hannuwansa a baya. Da mutane suka fara watsewa, sai ya yi gyaran murya, yana kallon gefe.

"Ke Khadija. Karan nan na san naki ne. Amma kada ki bari yara su kwashe na gefen yamma. Shinge zan yi da shi, iska na cinye ƙasar wajen. In ba a tare ta da rani ba, baɗi ba abin da zai fito."